Dandalin kiɗa a garin da ke kwanciya da wuri

Wanda ya san Argungu a lokacin bikin kamun kifi kaɗai bai san garin ba. Da zarar masunta sun fito daga kogin Matan Fada, baƙi sun watse, sai gari ya koma na manoman shinkafa, waɗanda ake sallar isha'i su ja ƙofa. A nan nake riƙe da ɗan dandalin kiɗa: fili mai katanga, rumfar kwano, benci da tabarmi, lasifika biyu da janareta. Mun sha shekarun da ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020, don haka ban taɓa ɗora lissafina a kansa ba. Mutanen gari ne jarina.

Kafin a buga ganga ko ɗaya, sai na gaida mai unguwa, na sanar da 'yan sanda, na bi maƙwabta. Idan akwai rasuwa a layin, wasa ya tashi, ko da makaɗin ya riga ya iso daga Sakkwato. Da azumi muna rufewa baki ɗaya. Lasifika kuwa bayanta nake juya wa gidaje, ta fuskanci fili.

Aikin da ya fi cin raina shi ne daidaita sauti. Kalangu ba ya son makirufo kusa. Muryarsa ta ishe shi, in ka matsa masa sai ya danne mawaƙi da 'yan amshi. Gurmi kuma in ba ka kai makirufo bakin ƙoƙonsa ba, na benci na uku ba zai ji komai ba. Ga raɓar fadama da ke sa fata ta saki. Sai ka ga makaɗi ya tsuguna gaban wutar mai tsire, yana jujjuya gangar, yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa har ta ɗauko murya. Yaran da nake koya wa aiki duk cutarsu ɗaya, murɗa sauti har ƙarshe. Nakan ce, "Kai yaro, sassauta, ba kamfe muke yi ba."

Batun kuɗi a fili yake. Liƙi na makaɗi ne da yaransa, ba na sa hannu. Nawa kuɗin ƙofa ne da ɗan abin da mai shayi da mai tsire ke bayarwa na wuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, janareta ke fara cin rabonsa kafin kowa. Abin da ke cike giɓin shi ne hayar kayan sauti a gidajen biki da filin kokawa.

Masu zuwa daga Birnin Kebbi kan yi mamakin ƙanƙantar wurin. Ni kuwa ko an ba ni babban zaure ba na so. A nan mawaƙi yana ganin fuskar wanda yake wasawa, ya san kakansa, ya san gonarsa. Sanƙira ya ɗaga murya ya jero kirari, mutum ya miƙe ya sa hannu a aljihu tun bai yi shawara ba. In za ku zo, ku zo bayan girbin shinkafa, lokacin da aljihun manoma ke da nauyi, kuma ku riƙo rigar sanyi, don sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare nake kashe janareta.