Na bi sawun toka daga Roma har bakin tekun Pozzuoli

Tun ina aji biyu a jami'a kawuna yake min tambaya ɗaya, wai shi karatun duwatsun nan me ake yi da shi in mutum bai samu aikin mai ba. Birkila ne, ya yi shekaru yana gini a Kano kafin ya tsallako Italiya, yanzu a gefen Napoli yake zaune kuma har yau cokalin gini bai bar hannunsa ba. To da Allah Ya yi na zo Roma wani ɗan kwas na wata uku sai na kira shi nace Kawu ranar Asabar kar ka je ko'ina, akwai abin da zan nuna maka a garinku. Yayi dariya yace ɗana, ni za ka nuna wa Napoli?

Ana gobe zan tafi na wuni a kasuwar Trajan da ke tsakiyar Roma, gini ne hawa-hawa da aka yi wajen shekara ta 110 miladiyya, kuma yana nan tsaye kana shiga shagunan kana fita. Mutane na ta ɗaukar hoto ni kuwa na maƙale a jikin bango ina kallon kwaɓin da ke tsakanin jan bulo, ja-ja ne mai duhu da ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, kamar an dama shi da garin gawayi. Wannan kwaɓin shi ya kawo ni, saboda wata mata da ban taɓa gani ba amma na karanta aikinta har na kusa haddacewa, Marie Jackson ta jami'ar Yuta a Amurka.

Ita fa asalinta ba ruwanta da kayan tarihi. Masaniyar duwatsu ce, digirinta na uku a jami'ar Johns Hopkins ta yi shi akan tsaunukan Henry da ke Yuta, yadda narkakken dutse ke kutsowa daga ƙasa ya ɗaga shimfiɗun dutsen da ke samansa, ta kuma yi aiki akan duwatsu masu aman wuta na Hawayi. Sai zama ya kawo ta Roma na shekara guda, ta fara duba dutsen da suke kira tufo, wanda toka ce ta aman wuta da ta danƙare ta zama dutse, daga nan ta gangaro kan tokar kanta da Rumawa ke kwaɓa gini da ita, shi kenan bata sake fita ba. A 2014 ita da abokan aikinta suka sake haɗa irin kwaɓin kasuwar nan da farar ƙasa da tokar tsaunukan Alban da ke kudu da Roma, suka bar shi kwana 180, suka ga wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adini masu faɗi suna tsirowa a ciki suna tare tsagewa kafin tayi nisa. Abin da ya kama ni a aikinta shi ne kallon da take wa bango irin kallon da ake wa tsauni ne, a tambaye shi daga ina ka fito, me ya same ka a hanya.

Da safe jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Napoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, na tarar da Kawu a tasha da hularsa da ledar burodi, muka gaisa ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya sannan muka kama wani jirgin zuwa Pozzuoli. Sunan garin nan ne ma ya zama sunan tokar, pozzolana, har yau injiniyoyi a duk duniya haka suke kiran duk wani gari da ke haɗuwa da farar ƙasa ya kama.

Abin da mutum ba ya ganewa sai an faɗa masa, garin gaba ɗaya a cikin bakin dutse mai aman wuta yake zaune. Ba tsauni bane mai tsini kamar Vesuvius da muke hangowa ta gabas, wani ƙaton kwari ne da ya rufta, Campi Flegrei, wanda yayi babban amansa kusan shekara 39,000 da suka wuce ya sake wani wajen shekara 15,000, kuma tokar wancan na biyun ce ta zama tufo mai ruwan ɗorawa da aka gina rabin Napoli da shi. Kawu yace ai wannan dutsen kullum shi yake sara a wurin aiki, laushi gare shi kamar sabulu. Nace to toka kake sara Kawu. Ya dube ni bai ce komai ba.

Muka gangara tsohuwar kasuwar Rumawa da ke kusa da tashar jiragen ruwa, inda ginshiƙai uku na marmara ke tsaye. In ka ɗaga kai za ka ga daga tsakiyarsu akwai wani zobe mai duhu duk ramuka ƙanana kamar gara ta ci itace, wasu halittun teku ne masu ɓawo suka huda su, ma'ana akwai lokacin da ƙasar ta nutse har ruwa ya kai can sama, daga baya ta sake tasowa da ginshiƙan a tsaye ko faɗuwa basu yi ba. Ƙasar garin numfashi take. Tsakanin 1982 da 1984 ta tashi kusan mita 1.8 aka kwashe dubban mutane daga gidajensu, tun 2005 kuma ta sake kama tashi, a watan Mayun 2024 aka yi girgiza mai maki 4.4. Kawu yace wannan kam ya ji ta, yana kwance gado ya motsa da shi ya tashi yana salati. A ƙaramar tashar masunta muka ga kwale-kwale can ƙasa nesa da bakin dakali, ruwan ya ja baya har laka ta fito, wallahi sai da jikina yayi sanyi don a littafi kawai na san abin.

Bayan azahar muka wuce Baia muka shiga wani jirgin ruwa mai gilashi a ƙasansa. Garin shaƙatawar manyan Rumawa ne da rabinsa ya nutse, kana zaune kana leƙa bangaye da daɓen ɗakuna da kifi na wucewa ta kansu. Amma ni abin da nake jira su ne manyan tubalan kankare na tashar jirgi, da suka bayyana kore shar da gansakuka na taɓa Kawu nace ga su nan, shekara dubu biyu a cikin ruwan gishiri. Nan fa ya gyara zama. Yace ƙarya ne, ruwan gishiri da yake cin rodi, shi da ya sha fasa ginin da bai shekara talatin ba ya tarar rodin ya kumbura da tsatsa ya tarwatsa simintin daga ciki?

Sai na ba shi labarin yadda yake. Ba rodi a ciki ko ɗaya. Akwaku na katako suke kafawa a cikin teku su zuba farar ƙasa da tokar nan da gutsattsarin tufo, ruwan tekun da kansa ne ruwan kwaɓi. Daga 2002 zuwa 2009 wasu masu binciken tarihi suka bi tsofaffin tashoshin Bahar Rum suna huda irin waɗannan tubalan da injin suna zaro su kamar rake, har da na nan Baia, Jackson ce ta ɗauki samfuran ta bi su da madubin ƙara girma da na'urar haske ta cibiyar bincike da ke Berkeley a Amurka. Abin da suka fitar a 2017 shi ne ruwan tekun da ke tsiyaya cikin kankaren yana narkar da wani ɓangare na tokar, a gurbin sai wasu ma'adinai biyu su tsiro, filipsait da tobamorait mai alminiyam, su cike ramukan su ƙara ɗaure shi. Ruwan da ke kashe namu shi ke ciyar da nasu. Pliny, wani marubucin Rumawa wanda aman Vesuvius ya kashe a shekara ta 79, ya rubuta cewa ƙurar nan in ta taɓa teku dutse guda take zama tana ƙara ƙarfi kullum, mutane suka ɗauka zuzutawa ce.

Kuma da ba ta san tsauni ba da ba ta gane abin da take gani ba, don shi wannan tobamorait ɗin da wuya ake samunsa, ɗaya daga wuraren shi ne Surtsey, tsibirin da aman wuta ya haifa a tekun Aislan daga 1963 zuwa 1967. A 2017 ɗin dai ta jagoranci masu huda tsibirin don su ga yadda sabuwar toka ke zama dutse a cikin ruwan teku cikin shekara hamsin kacal. Tsibiri ɗan jariri da tashar jirgi mai shekara dubu biyu, abu ɗaya ke faruwa a cikinsu. Ni dai a ganina wannan ya fi duk abin da aka koya mana a aji daɗi, kuma ina jin haushin yadda ake raba mu, mai duwatsu can mai gini can mai tarihi can, ga shi siminti namu sai an ƙona shi a zafin digiri 1,450 alhali farar ƙasa 900 ya ishe ta.

Kawu yayi shiru har muka sauka. Can sai yace ya tuna laso, wai yana yaro ya ga tsofaffin magina suna kwaso katsi daga karofi su ƙona shi su daka su shafe soro da shi ruwa baya ratsawa, har ramukan rinin ma da shi ake shafe su. Yace su ma toka ce ashe.

A hanyarmu ta komawa tasha akwai wata gangara da aka yanke don titi, ƙasar fara-fara mai ruwan toka da 'yan duwatsu marasa nauyi masu ƙofofi kamar soso. Ya tsuguna ya dumbuzo, ya murza tsakanin yatsunsa kamar yadda yake gwada yashi, ya ɗiga mata ruwan gorarsa ya sake murzawa ya kai hanci. Yace ɗana, kashi nawa suke sawa? Nace Vitruvius, masanin gini na zamanin Rumawa, ya rubuta biyu na toka ɗaya na farar ƙasa in a teku ne. Ya zazzage sauran burodin a aljihun rigarsa ya cika ledar da tokar ya ƙulle bakinta, yace akwai ragowar farar ƙasa a wurin aiki, ranar Litinin zai kwaɓa ya zuba a gwangwani ya nutsa a ruwan gishiri, in zan koma gida in biyo mu fasa mu gani.