Kafin ka sayi wani injin, nemo abin da ya kashe na farko

Ƙannena masu tara kuɗi ku sayi tsohuwar a-kori-kura don ɗaukar kaya, ku sani akwai ranar da bakanike zai goge hannu da tsumma ya ce muku tof gaskit ya ƙone. Gyara ne da ake yi kullum a gareji, kuma bai kamata ya kai mutum ga sayen inji ba. Ni ya kai ni, saboda gaggawa da son araha.

Motata tsohuwar Hilux ce mai injin 22R, na fetur, silinda 4, lita 2.4. Bulon wannan inji baƙin ƙarfe ne, tof silindarsa kuwa alminiyam. Gaskit ɗin shi ne faifan da ke tsakaninsu, yana hana wuta da ruwa da baƙin mai haɗuwa. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka idan inji ya yi zafi fiye da kima, tof ɗin yakan lanƙwashe, gaskit ya rasa matsi, wuta ta ci shi. Ke nan sau da yawa idan gaskit ya ƙone, akwai abin da ya sa injin ya yi zafi tukuna. Da na fahimci wannan tun farko, da rubutun nan bai tashi ba.

Motar ta daɗe tana ba ni labari. Kowace safiya sai na ƙara ruwa a lagireto, ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba, kuma ban tambayi kaina ina ruwan yake zuwa ba. Jarka ta zama cikin kayan aikina kamar jak. Ruwan da ke ɓacewa ba tare da yoyo a waje ba, sau da yawa ciki yake shiga. Sauran alamun ba su da wuyar gani: farin hayaƙi a salansa bayan inji ya riga ya ɗumama, kumfa na tasowa a bakin lagireto, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi, ko kuma ka zaro sandar awon mai ka ga ya koma launin shayi da madara.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, na ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau, lodi ya fi ƙarfin motar. Allurar awon zafin inji ta hau ja, na ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Da na tsaya, na buɗe murfi da tsumma na ɗura ruwan sanyi. Kada ku yi ko ɗaya. Allura ta hau, ka sauka gefen titi ka kashe, ka nemi inuwa ka jira. Murfin lagireto yana riƙe matsi ne domin ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana buɗe shi da zafi ruwan zai tafasa nan take ya yo fuskarka. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi kuma yana iya tsaga tof ɗin.

Ko a nan ma injin bai mutu ba. Gyaran da muka yi ne ya ƙarasa shi. Na matsa wa bakanike cewa ina da lodi jibi, na sayo gaskit mafi araha a kasuwa, aka ɗora tof ɗin ba a auna shi ba. Abin da ya dace shi ne a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a zura filagej, wato siraran faifan ƙarfe na auna rata. A 22R idan lanƙwasar ta wuce milimita 0.15 sai a kai wa masu injin gogewa su daidaita, a kuma duba ko ya tsage. Kusoshin tof ɗin guda 10 ne, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, zagaye-zagaye, da sifana mai awo. Yaron gareji ya ɗaure namu da bututu a kan sifana, yana nishi, ni kuma ina yaba ƙarfinsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ruwa ya ci gaba da sauka cikin mai, mai mai ruwa kuwa ba ya riƙe metal, wato faifan da karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji) ke juyawa a kansu, ba a jima ba inji ya buga.

Ga wani abu da masu 22R ya kamata su sani. Injin sarƙa yake da ita ba bel ba, kuma idan robar da ke tare sarƙar ta karye, sarƙar kan goge murfin gaba har ta huda hanyar ruwa. Mai zai yi fari kamar gaskit ne, alhali ba shi ba ne. A leƙa wurin kafin a yanke hukunci.

Yaushe sayen inji ya fi gyara? Idan bulo ya tsage, ko ruwa ya cika silinda har ya lanƙwasa sandar fistin, ko karanshaf ya ci ya wuce gogewa. In ba haka ba, injin da ka san tarihinsa ya fi wanda ba ka sani ba. Ka zauna da bakanike ku rubuta kuɗin kowane ɓangare a takarda, har da kuɗin aiki da kwanakin da mota za ta yi a ajiye.

Idan saye ya zama dole, ko a Ƙofar Ruwa ne, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo a Legas, kada ka je kai kaɗai, kuma kada bakaniken da ka tafi da shi ya zama yana da kamasho a shagon. Kowa zai ce maka nasa ɗan Beljiyam ne. Wanki da fenti ba shaida ba ne. Ni injin da aka wanke ƙal ya fi ba ni tsoro, domin an goge duk inda yake yoyo. A cire fulogai a duba su ɗaya bayan ɗaya. A buɗe murfin sama a ga ko akwai baƙin dasƙararren mai. A juya injin da sifana a ji ko yana tafiya sumul da matsi a kowace silinda. A kwance kaskon mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe. In da hali a tayar da shi a ƙasa ka ji da kunnenka. Ka dubi kawunan kusoshi: idan sun sha sifana, an taɓa buɗe shi a nan gida, farashinsa daban ne.

Suna ɗaya ba ya nufin inji ɗaya. Akwai 22R mai kafireto, akwai 22R-E mai injekta da wayoyinsa. A 1985 kuma Toyota ta canza tsayin bulo da fasalin tof, don haka na kafin shekarar da na bayanta ba sa musayar tof. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, a sa lambar injin a rasit tare da sunan shago. Lambar inji tana cikin takardun mota, sai ka je ofishin lasisi a gyara. In ba haka ba za ka sha dogon bayani a shingen 'yan sanda.

Babbar wautata tana nan gaba. Na ɗora sabon inji a kan tsohon lagireto, da tsohon murfi, da tsofaffin tiyo. Satin farko allura ta fara ɗagawa. Da mai lagireto ya buɗe shi, layukan da yawa sun toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya da na yi ta ɗurawa, waje kuma ƙura da ƙaiƙayi sun liƙe shi. Abin da ya kashe injin farko yana zaune a motar duk tsawon lokacin, ban taɓa shi ba. Fankar ma kulocinta ya saki, tana juyawa ba ta jan iska.

Saboda haka ka sa kuɗin waɗannan cikin kuɗin inji tun daga farko: wanke lagireto ko sabo, murfi, tiyo, fambel, famfon ruwa, da tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Na san makanikai da yawa suna cire tamostat su ce na ƙasar sanyi ne. Ban yarda ba. Yana buɗewa ne a wajen digiri 80 da ɗoriya don inji ya tsaya a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Ba shi, inji ya daɗe a sanyaye, ya sha mai, ya ci zoben fistin. Ka zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, maimakon ruwan rijiya. Tunda inji yana ƙasa, a duba faifan kuloci da sil ɗin bayan karanshaf, don sake sauke giyabos wani kuɗin ne.

Tsohon injin kuma kada ka miƙa wa 'yan gwangwan da wuri. Kafireto, distributa, kaskon mai da ƙafafun zama sau da yawa naka ne za su dace da motarka, ba waɗanda suka zo da sabon ba. Ka ajiye shi a lulluɓe har kwanakin gwaji su cika, ka canza mai da filta bayan ɗan gajeren amfani, sannan ka fara lodi rabi-rabi kana kallon allura.