Saƙon Godiya Bayan Ɗora Sabon Faifan SSD a Kwamfutata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina rubuto wannan saƙo daga nan Tawa domin in sanar da ƴan uwa da abokan arziki cewa kwamfutar wasannin da na haɗa da hannuna a gida ta dawo aiki da sabon faifan ajiya na SSD, kuma ko fayil guda bai salwanta ba daga abin da ke cikin tsohon faifan. Waɗanda suka san halin da na shiga sun san ba wasanni kaɗai ke ciki ba, har da katunan gayyatar aure da suna da nake tsara wa mutane, waɗanda da su nake rufa wa kaina asiri. Tun ranar da tsohon faifan ya fara ƙas-ƙas yana tsayawa a tsakiyar aiki, hankalina bai sake kwanciya ba.

Godiyata ta farko ga Yayana ce da ke Yamai, wanda ya ɗauki nauyin sayen faifan, tare da mai gyaran da ya raka shi. Wannan bawan Allah ya ƙi yarda a biya ko dala sai da na aika musu hoton sunan da ke rubuce a jikin kart mer, wato babban katin da sauran kayan kwamfuta ke maƙale a kansa. Ya bayyana wa Yaya cewa faifan M.2, wato siririn SSD da ake zurawa kai tsaye a jikin wannan kati, iri biyu ne masu kama da juna a ido: akwai na SATA, wanda gudunsa ke tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, akwai kuma na NVMe, wanda kan kai wajen 3,500 a kan layuka huɗu na PCIe 3.0, wato hanyar da bayanai ke bi a cikin katin, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar dukansu ba. Ya zaɓo na NVMe mai girman 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, sannan ya gwada shi a gaban Yaya da manhajar CrystalDiskInfo, aka ga da ido cewa ba wanda aka daɗe ana aiki da shi ba ne aka mayar cikin kwali. Haka kuma ina gode wa direban da ya riƙo saƙon amana ta hanyar Doso, Dogondutsi da Birnin Ƙonni har ya damƙa mini shi hannu da hannu.

Babban rabo a wannan godiya na Malam ne, mai koyar da ilimin kwamfuta a nan garin, wanda ya tako har gidanmu bayan la'asar. Kafin a taɓa komai ya sa na cire wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, sannan na dafa ƙarfen akwatin da tafin hannuna, domin a bushewar hunturu jikin mutum kan tara ƴar wutar da za ta iya lalata irin wannan kaya. Da hannuna ya bar ni na zura faifan a karkace cikin gurbinsa, na kwantar da shi a hankali, na ɗaure ɗan ƙaramin sukurun da bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. Da na zo rufe shi da ƙarfen sanyaya, ya nuna mini siririyar ledar da ke manne a jikin laushin da ke ƙarƙashinsa, ya ce in ɓare ta, domin idan aka bar ta zafin faifan ba zai wuce cikin ƙarfen ba.

Da muka kunna kwamfutar sai tsohon faifan ya ɓace gaba ɗaya, babu shi ko a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Gabana ya faɗi, domin a zatona ya mutu da ayyukan mutane a cikinsa. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, kawo littafin da ya zo da katin." A nan ya nuna mini layin da ke bayyana cewa a irin wannan kati, da zarar an sa faifai a gurbin M.2, wasu daga cikin bakunan SATA, inda ake jona wayar tsohon faifai, kan daina aiki saboda hanya guda suke rabawa. Ya mayar da wayar tsohon faifan zuwa wani bakin, sai ga shi ya bayyana da komai nasa. Nan take ya ce a fara kwashe ayyukan mutane zuwa wani wurin ajiya kafin a yi maganar wasa ko Windows, kuma a ganina wannan shawara ta fi duk abin da aka yi a ranar daraja.

Daga nan ya cire tsohon faifan na ɗan lokaci kafin a ɗora Windows 11 daga kilen USB, domin fayilolin tayar da kwamfuta su sauka a kan sabon kaɗai, ta yadda ko tsohon ya mutu gobe kwamfutar za ta tashi. Ya tsara faifan a kan GPT, wato sabon tsarin rarraba faifai, ya kunna TPM 2.0, wato sashen tsaron da Windows 11 ke buƙata, tunda kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Da na ga terabait guda ya nuna gigabait 931, ya kwantar mini da hankali cewa bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows. Ya hore ni kada in cika shi maƙil, in kuma riƙa duba zafinsa da bazara, domin a garin da zafi kan haura digiri 40, faifan kan rage gudu da kansa idan ya kusanci 70. Ya kuma faɗa mini gaskiyar da masu talla ba su cika faɗa ba, cewa SSD na gajarta jiran buɗewar wasa ne, amma santsin motsin hoto aikin katin hoto ne. Na gwada, na ga haka abin yake.

Ina miƙa godiya ga Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya jawo mana wuta daga na'urarsa ta hasken rana a duk tsawon kwashe fayilolin, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya ɓata abin da ake kwafa. Ina gode wa Inna da ta haƙura da tarkacen da muka baza a zaure, da kuma masu katunan da suka jira ba tare da sun matsa mini ba. Ayyukanku suna nan, kuma daga ranar Litinin zan fara miƙa su. Duk wanda ke Tawa yake shirin sa irin wannan faifai, ya zo da littafin katinsa mu duba tare kafin ya kashe kuɗinsa. Allah Ya saka wa Malam da Yaya da kowa da alheri, Ya ƙara wa sana'arku albarka. Amin.