Sati uku ina neman sauro inda ba ya nan

A shekarata ta ƙarshe a Jami'ar Jos aka ba ni bincike kan tsutsar sauro. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: farin ludayin roba mai dogon mariƙi, 'yan kwalabe da takalmin ruwa. Da Hajiyarmu ta gan su, cewa ta yi, "Duk kuɗin makarantar nan, ashe a kamun sauro za ka ƙare?"

Lissafina shi ne inda ruwa ya fi yawa, nan sauro zai fi yawa. Sai na nufi manyan kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru. Sati uku ina tsoma ludayi cikin sanyin asuba, yana fitowa kusan wayam. Ashe kifaye da sauran ƙwarin ruwa ba sa barin tsutsa ta yi kwana. Na haƙura na koma lambatun unguwarmu, nan kuwa ga su nan birjik. Na cika kwalba na kai wa malamina ina washe baki.

Ɗaga kwalbar kawai ya yi ya duba. "Malam, ka ga yadda suka rataya, kai ƙasa, wutsiya sama? Culex ne. Zai hana ka barci da kuka, amma ba shi ke kawo maleriya ba." Ya ce tsutsar Anopheles, wato sauron da ke kawo maleriyar, ba ta da dogon bututun shaƙar iska, shi ya sa take kwanciya a miƙe a fuskar ruwa kamar tsinken tsintsiya. Kuma ta fi son ɗan ruwa mai tsabta da rana ke duka, ba baƙin ruwan kwata ba.

Tun 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a Indiya, na ma rubuta hakan a jarrabawa. Amma ban taɓa tambayar kaina wane sauro ba, kuma a wane ruwa.

A burtali na sami tsutsotsin Anopheles, cikin sawun kofaton shanu, ruwan da bai fi cikin kofin shayi ba. Kana matsowa inuwarka ta faɗa kai, sai su nutse. Dole ka durƙusa ka fuskanci rana, ka yi tsit har su sake tasowa. Na raine su a roba na rufe da gidan sauro, na ga sun naɗe kamar waƙafi kafin su fito da fukafukai. Sanyin Jos ya ja musu lokaci, ni kuwa kullum ina leƙe kamar mai jiran haihuwa.

Da damina ta dawo, na tarar Hajiya ta sa ƙanina yana cike sawun tayar mota a ƙofar gida da ƙasa. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tanka ba.