Wasiƙa daga Amurka: tallafin jaridun karkara da tulin takardun da ke gabansa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Tambaya ɗaya ce ta ishe ni, yawanci daga masu ƙananan jaridun intanet da ma'aikatan rediyon karkara: wai da gaske ne a Amurka ana raba wa jaridun ƙauye kuɗi kyauta? Zan amsa wannan, in taɓo yadda jarida ke isa gidajen manoma a nan, da zancen sanyi da wasu ke son ji.

Ana bayarwa, amma sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Binciken makarantar aikin jarida ta Medill a Jami'ar Northwestern ya nuna jaridu fiye da 3,000 sun rufe tun 2005, kuma gundumomi sama da 200 ba su da ko kafa ɗaya mai kawo labarin yankinsu. Talla ce ta koma Facebook da Google. A Satumban 2023 masu bayar da tallafi 22, gidauniyar MacArthur na gaba (ita ce dai mai ofis a Abuja), suka kafa haɗin gwiwar tallafa wa jaridu mai suna Press Forward da alƙawarin sama da dala miliyan 500 cikin shekara 5. A Oktoban 2024 suka raba dala miliyan 20 ga ƙananan kafofi 205, kusan dala 100,000 ke nan kowacce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gidauniya ba ta tura kuɗi asusun edita, ko da waliyyi ne. Mai son bin hanyar ƙungiyar da ba ta neman riba sai ya fara yin rajista a jiharsa, ya kafa kwamitin amintattu, galibi mutum 3 zuwa sama. Sannan ya karɓi lambar shaida ta EIN daga hukumar haraji ta IRS, wannan kam kyauta ce. Daga nan sai neman matsayin da suke kira 501(c)(3), wanda ke yafe haraji. Babban fom ɗin, mai lamba 1023, dala 600 ne, kuma amsa kan ɗauki watanni. Akwai gajere na dala 275 ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce dala 50,000 a shekara ba. Bayan an samu ma ba a huta ba. Kowace shekara sai an cike fom 990 na bayanin shige da ficen kuɗi, in aka yi shekara 3 a jere ba a cike ba, matsayin ya faɗi da kansa.

Da yawa daga cikin jaridun mako-mako na ƙauyukan nan kasuwancin iyali ne, miji edita, mata mai lissafi. Irin waɗannan da sababbin kafofi sukan raɓu da wata ƙungiya mai cikakkun takardu, ta karɓi kuɗin a madadinsu, ta riƙe lissafi, ta cire ladanta, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Masu ganin ladan ya yi yawa ba su taɓa biyan akanta ba.

Takardar neman kanta ba adabi ake so a ciki ba. Kasafin bara da na bana, sunayen amintattu, yawan masu karatu, garuruwan da ake ɗauko wa labari, da abin da zai canza in kuɗin ya zo. Wanda ya rubuta "za mu wayar da kan al'umma" ya sha ƙasa a hannun wanda ya rubuta "za mu ɗauki wakili ɗaya ya riƙa halartar zaman majalisar gunduma da na hukumar makarantu".

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tilasta wa kafa ta nemi mutanen garinta. Shirin NewsMatch, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Disamba, yana ninka gudummawar mai karatu har zuwa dala 1,000. Ka tara kaɗan, a ninka maka kaɗan. Shirin Report for America kuma yana biyan kusan rabin albashin wakili a shekarar farko, sauran kafar da mutanen gari su cika. Dalilin a bayyane yake: tallafi ruwan kashe gobara ne, ba rijiya ba.

Wuri biyu ake yawan faɗuwa. Na farko, akwai kuɗin da aka ɗaure wa aiki guda, misali rahotannin lafiya, akwai kuma wanda aka sake don albashi da haya. Edita ya matsu, ya biya kuɗin ɗab'i daga na farkon, lokacin rahoto ya zo rasit bai yi daidai da alƙawari ba, shi ke nan an rufe masa ƙofa. Na biyu, a ɗauki ma'aikata 3 da tallafin shekara 2 ba tare da an gina talla ko kuɗin masu biyan wata-wata ba. Shekara ta uku sai sallama.

Kuɗin Press Forward na kafofin Amurka ne, kada wani dillali ya karɓi kuɗinku da sunan zai cike muku fom. Amma masu tallafa wa jarida a gida tambayoyinsu kusan ɗaya ne da na nan. A Najeriya za a nemi rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), lambar haraji, takardar SCUML (sashen hana halatta kuɗin haram), da asusun banki da sunan kafar. Da yawa daga cikinmu har yau kuɗin talla asusun oga yake shiga, tare da kuɗin cefane. Wanda ya raba su, ya riƙe littafin shige da fice na wata 12, ya riga ya yi rabin tafiya. Rediyon karkara kuwa tana da abin nunawa: katin gaisuwa da sanarwar biki da ta rasuwa. Shaida ce cewa jama'a na biya, in dai an rubuta.

Kai jarida gidajen manoma, gidan waya ne ke yi, kuma tsadarsa na cikin abin da ke cinye ƙananan jaridu. Sanyi kuwa, ku bar shi kawai, hunturun Jos wasa ne. A gaida mutan gida.