Ciwon wuya bayan an bugi motarmu ta baya

Ranar da wata mota ta buge mu ta baya na fito garau ina hamdala, amma washegari wuyana ya sanƙare, ko sallamar salla sai da na juya da kafaɗuna. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba, domin fisgar da kai ya yi baya da gaba tsokoki da jijiyoyi ta ja, su kuwa ba sa fitowa a wannan hoton. Likita ya ba ni maganin rage zafi, ya hana ni ɗaure wuyan, abin da ya ba ni mamaki, ya ce in riƙa motsa shi sannu a hankali, in dawo nan take idan hannuna ya fara mutuwa. Yawanci ana warkewa cikin wata 2 zuwa 3.