Idan lauyanka ya ci amanarka a Saudiyya

'Yan'uwanmu da ke zaune a Jidda da Makka kan ce lauya ya cuce su, amma in ka bincika sai ka tarar mutumin mu'aƙƙibi ne, mai bin takardu a ofisoshi. Lasisin aikin lauya daga Ma'aikatar Shari'a yake fitowa, kuma ana iya duba sunan mutum a manhajar Najiz kafin a damƙa masa wakala. Wanda ya yi sojan gona da sunan lauya, dokar aikin lauyoyi ta 1422 bayan Hijira, wato 2001, ta yanke masa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tara, ko duka biyun.

Mai lasisi kuwa, kwamitin ladabtarwa ne ke sauraron ƙorafi a kansa. Ministan Shari'a ne ke naɗa kwamitin, kuma zamansa a asirce ake yi. Hukuncin hawa-hawa ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa har zuwa shekara 3, sannan soke suna da ƙwace lasisi. Gyaran da aka yi wa dokar a 2022 ya ƙara tarar da ke iya kaiwa riyal 100,000. Wanda aka soke sunansa sai ya yi shekara 3 kafin ya nemi a mayar da shi. Lauyan da ake tuhuma yana da damar ɗaukar wani lauya ya kare shi, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa Diwanul Mazalim, kotun da ke duba ƙararraki a kan hukumomin gwamnati.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke zaton kwamitin zai ƙwato musu kuɗinsu. Aikinsa hukunta lauya ne kawai. Neman kuɗi ko diyya ƙara ce daban a kotu, kuma can hujja ake tambaya. Mutum ya ba da riyal dubu goma hannu da hannu a bayan masallaci, babu rasit, babu yarjejeniya, don ana jin nauyin wanda ya haɗa su. Ranar da aka ɓata, me zai nuna wa alƙali?

A rubuta ladan aiki tun farko, da matakin shari'ar da ya ƙunsa, a biya ta banki, a adana saƙonnin WhatsApp da kwanan watansu.

Sai batun takardu, inda rigima ta fi yawa. Idan wakala ta ƙare dole lauya ya mayar da takardun asali, amma doka ta yarje masa ya riƙe su in ba a biya shi ladan da lokacinsa ya yi ba. Ƙorafin riƙe takardu kan faɗi saboda haka. Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na tona asirin wanda lauya ya wakilta, ko da bayan an rabu, ko sayen haƙƙin da ake shari'a a kansa, ko yi wa abokin gabarka aiki a shari'a ɗaya. Da irin waɗannan ake zuwa Ma'aikatar Shari'a, da kwafin wakala da lambar ƙara a hannu.